Wuƙa a Kan Zuciya: Daga Ina Soyayya da Tsafi Suka Shigo Finafinan Ninja?

Waɗanda data ba ta bari su saurari shirin da murya ba, ga rubutaccen nan kamar yadda aka saba. Yau Japan muka nufa, kuma tun yanzu ina ba da haƙuri, domin zan fasa ƙwai a kan ƙarshen wasu finafinai.

Muna yara, duk fim ɗin da aka yi tsalle-tsalle da takobi a ciki, fim ɗin Chanis muke ce masa, ko daga ina ya fito. Ninja kuwa a wurinmu mutum ne mai baƙaƙen kaya da ya rufe fuska, ya jefa wani abu a ƙasa, hayaƙi ya tashi, ya ɓace. Ina aji uku na sakandare wani abokina ya ara mini faifan nan mai finafinai goma a ciki, a nan na ci karo da Shinobi na shekarar 2005. Na zauna ina jiran jarumi ya gama da bos. Sai ga jarumin ya tsaya cak, ya saki hannuwa, yarinyar da yake so ta soke shi da wuƙa. Wallahi haushi na ji, na ce an cuce ni. Sai da na shiga jami'a, na fara karance-karancen tarihi, na gane cewa wannan tsayuwar da ya yi ita ce fim ɗin gaba ɗaya, kuma tana da asali na ɗaruruwan shekaru.

Mu fara da mutanen gaskiya. A tsakiyar Japan akwai yankuna biyu masu duwatsu da dazuzzuka da ke maƙwabtaka, Iga da Koga. Iga tana cikin jihar Mie ta yau, Koga kuma a jihar Shiga. A zamanin yaƙin basasar ƙasar, wanda ya faro wajen 1467 ya ɗauki fiye da shekara ɗari, waɗannan yankuna ba su da wani babban sarkin yaƙi guda a kansu. Ƙananan gidajen mayaƙa ne suka haɗa kai suna tafiyar da al'amuransu ta hanyar shawara. Sun ƙware a leƙen asiri, shiga sansanin abokan gaba da dare, cinna wuta, da yaɗa jita-jita, manyan sarakunan yaƙi kuma suna ɗaukar su haya. Sunan da aka fi kiran su da shi a lokacin shi ne shinobi. Kalmar ninja sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta zama ruwan dare.

A 1579 ɗan Oda Nobunaga, mai suna Nobukatsu, ya afka wa Iga, suka kore shi da kunya. A 1581 uban ya turo dubun dubatar sojoji ta kowace kusurwa, aka ƙone ƙauyuka da wuraren bauta, aka kashe na kashewa, saura suka watse. Shekara guda bayan haka aka ci amanar Nobunaga a Kyoto ya mutu. Abokin ƙawancensa Tokugawa Ieyasu ya tsere ta cikin duwatsun Iga, kuma labarin da aka gada ya ce baransa Hattori Hanzo, wanda asalin gidansu Iga ne, ya taimaka wajen fitar da shi. Ieyasu ya zama shogun a 1603, wato sarkin yaƙi mai riƙe da ainihin mulkin ƙasa, ya ɗauki mutanen Iga aikin gadi a birnin Edo, Tokyo ta yau. Har gobe akwai ƙofa a fadar sarkin Japan mai suna Hanzomon, har da layin jirgin ƙasa mai wannan suna.

To kun ga inda matsalar take. Zaman lafiya ya zo, ya kuma daɗe fiye da shekara 250. Mutumin da aka raina tun yana yaro don ya haura katanga da dare, me zai yi a ƙasar da babu yaƙi? Wasu suka zama masu gadi, wasu manoma. A 1676 wani daga gidan Fujibayashi ya tattara ilimin a littafin Bansenshukai, kuma mafi yawan abin da ke ciki dabarun shiga gida ne, kayan aiki, haɗa wuta, da lura da yanayi. Ku riƙe wannan tambaya ta makamin da aka gama amfani da shi, za mu dawo kanta.

Tsafin fa, daga ina? Daga masu ba da labari da 'yan wasan dandali. Tun daga 1839 aka fara buga wani dogon labari mai hotuna a kan Jiraiya, ɗan gidan sarauta da ya koyi tsafin kwaɗo. Abokin gabarsa Orochimaru yana da tsafin maciji. Matar da Jiraiya yake so, Tsunade, tana da tsafin dodon koɗi, irin marar ɓawon nan. A camfin Japanawa maciji yana cin kwaɗo, kwaɗo yana cin dodon koɗi, dodon koɗi kuma yana rinjayar maciji. Ke nan Jiraiya shi kaɗai ba zai taɓa iya wa Orochimaru ba, sai da Tsunade a gefensa. Tun daga tushe, soyayya da tsafi a ɗaure suke da igiya ɗaya. Masu kallon Naruto sun san waɗannan sunaye uku, to ga inda Masashi Kishimoto ya samo su.

Da majigi ya zo, sai ya tarar da labarin da ya dace da shi. A 1921 Makino Shozo ya shirya fim ɗin Jiraiya, Onoe Matsunosuke ya fito a jarumi. Dabarar mai sauƙi ce: a tsayar da kyamara, ɗan wasa ya fita, a tada hayaƙi, a ci gaba da ɗauka, sai mai kallo ya ga mutum ya yi layar zana ko ya rikiɗa ya zama ƙaton kwaɗo. Hayaƙin nan da muke kwaikwayo da toka a unguwa, kakansa ke nan. Baƙaƙen kayan ma, masana da yawa na ganin daga dandalin kabuki suka samo asali, inda masu jan kayan wasa ke sa baƙi don 'yan kallo su ɗauka ba sa nan. Ɗan leƙen asiri na gaskiya kuwa shigar manomi ko ɗan kasuwa ko mai bauta yake yi, don ya saje da jama'a.

Ɓangaren soyayyar shi ma yana da nasa kakan. Adabin Japan na zamanin Edo cike yake da rikici tsakanin abubuwa biyu: giri, wato nauyin da ke kanka na ubangida da dangi, da ninjo, wato abin da zuciyarka ke so. A 1703 Chikamatsu Monzaemon ya rubuta wasan Sonezaki Shinju, a kan wani yaron shago da wata yarinya da aka toshe musu kowace hanya, suka mutu tare. Irin waɗannan wasanni sun yi farin jini har masoya suka fara kwaikwayo, hukuma ta haramta su a shekarun 1720. Ba yabon wannan ƙarshen nake ba, Allah ya kiyaye. Ina nuna muku ne cewa mai kallo a Japan ya saba da labarin da soyayya ke karo da biyayya, ya kuma san da wuya a tashi lafiya.

Akwai wani abu a cikin rubutun kalmar kanta. Harafin da ake rubuta shinobi da shi, wanda kuma ake karantawa nin a cikin ninja, gida biyu ne: a sama kaifin wuƙa, a ƙasa zuciya. Ma'anarsa ɓuya, da kuma juriya, irin haƙurin nan na cije haƙori. Mutum ne da aka ɗora wa wuƙa a kan zuciya aka ce kada ya motsa. Marubuci mai neman wanda zai jarraba da soyayya, ina zai samu wanda ya fi wannan?

Wanda ya haɗa waɗannan zaruruwa ya saƙa su shi ne Yamada Futaro, an haife shi a 1922, ya rasu a 2001. Likitanci ya karanta, kuma rashin lafiyar ƙirji ce ta hana a ɗauke shi soja a lokacin yaƙi. Sa'o'insa ne aka kwasa aka tura fagen daga, ciki har da matasa fiye da 3,000 da suka mutu a jiragen ƙunar baƙin wake na kamikaze. A 1958 ya fara fitar da labarin Koga Ninpocho kashi-kashi a mujalla, ya fito a littafi a 1959.

Ga yadda labarin yake. Shekarar 1614 ce, Ieyasu ya tsufa, fada ta rabu biyu a kan wanne daga cikin jikokinsa biyu, Takechiyo ko Kunichiyo, zai gaji mulki. Ba ya son manyan mayaƙansa su ƙare a rikicin gado. Sai aka ba shi shawara: akwai ƙauyukan ninja biyu, na Koga da na Iga, masu tsohuwar gaba, waɗanda yarjejeniyar Hattori Hanzo ce kawai ta hana su cin juna. A ɗage yarjejeniyar, kowane ɓangare ya kawo mutum goma, Iga ta tsaya wa Takechiyo, Koga ta tsaya wa Kunichiyo, ɓangaren da ya yi saura da mai rai, ɗan takararsa ya ci. Mutum ashirin a maimakon ƙuri'a. Babu ko ɗaya cikinsu da ya taɓa ganin yaran da zai mutu dominsu.

A daidai lokacin kuma, Gennosuke, magajin Koga, da Oboro, magajiyar Iga, suna shirin aure, auren da ake sa ran zai binne gabar.

Karatun likitancin Yamada ya fito a irin baiwar da ya ba mayaƙan, domin kowace sai ya kawo mata bayani kamar na ɗakin tiyata. Akwai wanda jikinsa ke narkewa a gishiri ya silale ta ƙaramar kafa. Akwai mai kwafar fuskar mutum ya sa a tasa. Akwai Tenzen, wanda ko an kashe shi sai ya tashi. Amma ku duba abin da ya ba masoyan. Idon Gennosuke yana mayar wa mai niyyar kisa da niyyarsa, ya kashe kansa da kansa. Idon Oboro kuwa yana karya kowane irin tsafi da kallo kawai. Ita kaɗai ce a duniya za ta iya kashe shi. Me ta yi? Ta shafa wani magani da ke liƙe ido kwana bakwai, ta makantar da kanta don kada danginta su yi amfani da ita a kansa.

Sai Kagero, 'yar Koga, wadda ita ma Gennosuke take so. Tata baiwar ita ce duk lokacin da sha'awar namiji ta motsa mata, numfashinta ya zama dafi. An mayar da ita makami ta yadda duk wanda ta so da gaske ba za ta iya kusantarsa ba. A ganina nan ne gwanintar Yamada take. Tsafin kowa shi ne ciwonsa. Abin da ya sa ubangida ke bukatarka, shi ne ya hana ka zama mutum kamar kowa.

A ƙarshe su biyun suka rage. Aka tsayar da su gaba da gaba, Oboro ta juya wuƙa ta soki kanta. Gennosuke ya ɗauki takardar sunayen ya rubuta cewa Oboro ta Iga ce ta yi saura, ya ba ta nasarar, shi ma ya bi ta. Takechiyo ya ci gado. A tarihi na gaskiya ma shi ne ya zama shogun na uku, Iemitsu, a 1623, ƙanensa kuma daga baya aka tilasta masa kashe kansa. Gasar ninja ashirin ƙirƙirar marubuci ce, amma rikicin gadon ya faru.

Yamada ba shi kaɗai ba ne a wannan zamani. Ƙarshen shekarun 1950 zuwa na 1960 lokaci ne da Japan ke tafasa. A 1960 ɗaruruwan dubban mutane, ɗalibai da ma'aikata, suka cika tituna suna adawa da yarjejeniyar tsaro da Amurka. A wannan shekarar Murayama Tomoyoshi ya fara buga labarin Shinobi no Mono a jaridar jam'iyyar kwaminis, kuma a 1962 Yamamoto Satsuo ya mayar da shi fim a kamfanin Daiei, Ichikawa Raizo ya fito a Goemon. Wannan fim ya rage siddabaru ƙwarai, amma yana da sirrin da ya fi tsafi ban tsoro. Ƙungiyoyin ninja biyu ne ke gasar kashe Nobunaga, suna zubar da jinin juna, ashe shugabansu mutum ɗaya ne, yana sauya kama yana zuga kowane ɓangare. Da matarsa ma ya ɗana wa Goemon tarko don ya riƙe shi a hannu. Abin da Goemon ke nema a ƙarshe bai wuce ya zauna da matar da yake so a ɗan gidansu ba. Fim ɗin ya karɓu har aka yi guda takwas zuwa 1966. A gefe guda kuma ɗaliban jami'a suna rububin zanen Shirato Sanpei, Ninja Bugeicho da Kamui Den, inda ninja ke tsakiyar tawayen manoma, ko yake gudun ƙungiyarsa ana farautarsa.

Ra'ayina ne wannan, ku auna shi: mutanen da suka ga an kwashi sa'o'insu an ce su mutu don sarki da ƙasa, sannan suka wayi gari suka ga da yawa daga cikin manyan sun sauya riga sun ci gaba da mulki, su ne suka ɗauki ninja suka mayar da shi hoton matashin da aka yi amfani da shi aka yar. Soyayya kuma ita ce ƙofar da yake fara tambayar kansa, shin ni na wane ne?

Daga nan hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta nufi Yamma. Fim ɗin James Bond na 1967, You Only Live Twice, ya nuna wa duniya ninja, sannan kamfanin Cannon na Amurka ya fitar da Enter the Ninja a 1981 da Sho Kosugi, da American Ninja a 1985. Waɗannan ne yayyenmu suka kalla a kaset da gidajen kallo. An ɗauki kayan da takobin da hayaƙin, an bar zuciyar a can.

Ɗaya hanyar ta ci gaba a gida. Toei ta yi Kunoichi Ninpo a 1964, kuma littattafan Yamada na cikin abin da ya yaɗa kalmar kunoichi, wato ninja mace. A nan dole in faɗi gaskiya: da yawa daga finafinan wannan reshe sun mayar da jikin mace hajar talla, sun zubar da tambayar da ke cikin labarin Kagero sun riƙe tsiraicin. A 1982 aka yi Iga Ninpocho, inda Hiroyuki Sanada, wanda kuka gani a Shogun na 2024, ya fito a matashin ninja da wasu matsafa suka sace masa masoyiya don haɗa wa wani sarkin yaƙi maganin mallaka. A 1993 Kawajiri Yoshiaki ya fitar da Ninja Scroll, fim ɗin zane amma na manya, ba na yara ba ko kaɗan. A ciki ma akwai wata Kagero, mai ɗanɗana wa ubangidanta abinci, wadda jikinta ya zama dafi. Wani tsohon ɗan leƙen asirin gwamnati ya sa wa jarumin, Jubei, guba don ya tilasta masa aiki, maganin gubar kuma shi ne ya kusance ta. Jubei ya ƙi, domin ba ya son ya zama mutum na gaba da zai ɗauke ta a matsayin kayan aiki. A duk rayuwarta shi ne na farko da ya kalle ta a matsayin mutum.

Sai 2005, shekarar da labarin Gennosuke da Oboro ya dawo sau biyu: zanen Basilisk mai kashi 24, da fim ɗin Shinobi na Shimoyama Ten, wanda Nakama Yukie da Odagiri Joe suka ja. Fim ɗin ya rage mayaƙan zuwa biyar-biyar, ya kuma fito da dalilin fili. Ƙasa ta zauna lafiya, masu mulki suna tsoron waɗannan ƙauyuka, don haka a haɗa gwanayensu su ƙarar da juna, sannan a turo igwa a rushe sauran. Tambayar nan da na ce ku riƙe, ga amsar masu mulki. Gennosuke ya yi ta tambayar me ya sa za mu yi faɗan, mutanensa suna ce masa ai don haka aka haife mu. Shi ya sa ya tsaya bai kare kansa ba. Oboro kuma ta je gaban Ieyasu ta tsiyaye idanunta da hannunta, ta lalata makamin da ake tsoro, don a bar mata da yara su rayu.

Ba sai na yi dogon sharhi ba. Duk wanda ya taɓa shiga aikin sulhu tsakanin matasan unguwanni biyu bayan zaɓe ya san wannan labari. Na taɓa zama da yara biyu da suka sassari juna saboda iyayen gidansu, ba a yi wata uku ba muka ga hoton iyayen gidan suna dariya a ɗaurin aure ɗaya. Ɗaya daga cikin yaran har yau hannunsa bai miƙe ba.

Idan za ku nema, ku fara da Shinobi no Mono na 1962, sannan Shinobi na 2005, ku kalle su a jere. Idan kun ga an nuna wani gwani da baiwarsa, ku tambayi kanku me baiwar ta hana shi, kuma wa ke cin ribarta. Ina jiran ra'ayoyinku, musamman waɗanda suka kalli Basilisk, ku faɗa mini ko ƙarshensa ya fi na fim ɗin taɓa ku. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.